Amsar Wasiƙunku: Ko Akwai Maganin Da Ke Ƙara Wa Gashin Asibiti Ƙarfi?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta ba ta amsuwa a tsaitsaye.

Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya rubuto mana, ya kuma roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce yayansa manomi ne, an daɗe ana yi masa maganin tarin tibi ba sauƙi, daga baya aka gano sankarar huhu ce. Yanzu ga ciwon kai da amai, hannu ɗaya ya yi nauyi, hoto kuma ya nuna cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ce a yi masa gashi. Sai wani ya ce musu akwai allurar da ake kawowa daga waje, wadda in aka haɗa da gashin za ta ninka ƙarfinsa. Shi ne yake tambaya: gaskiya ne? In gaskiya ne, su sayar da shanun huɗa su saya, su kuma dakata da gashin har ta iso?

To Malam, Allah Ya ba yayanka lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri a kan jinya. Ga amsar a gajarce kafin mu shiga bayani: kada ku sayar da shanun saboda wannan allura, kada kuma ku jinkirta gashin don jiranta. Likitocin duniya sun shafe fiye da shekara 50 suna neman irin wannan magani, an gwada da yawa, amma har yau babu wanda aka tabbatar yana ƙara tsawon kwana ga mai sankarar huhun da ta kai ƙwaƙwalwa idan aka haɗa shi da gashi. Sai dai maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Tana da tushe, kuma ya kamata ku san tushen, don kada wani mai zaƙin baki ya rinjaye ku da rabin gaskiya.

Da farko, yaya ciwon huhu ya je kai? Ku manoma kun san ƙuduji, wato wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa kan kwashe shi daga wannan gona ya kai waccan, in ya tsiro a can kuma sunansa ƙuduji, bai zama wani ciyawa dabam ba. Haka sankara take. Duk jinin jiki sai ya ratsa ta huhu, daga nan ya koma zuciya, zuciya ta harba shi ko'ina, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin masu samun kaso mai tsoka. Ƙwayoyin cutar sai su ɓalle su bi jinin su yada zango a can. Shi ya sa kusan rabin sankarar da ke zuwa ƙwaƙwalwa daga wani wuri, daga huhu take tasowa. Ƙarin da ya fito a kan yayanka ƙarin huhu ne da ya yi ƙaura, kuma da wannan idon likita zai zaɓa masa magani.

Shi kuma gashi, sunan ne kawai mai ban tsoro. Ba wuta ba ce, ba kuma a jin zafi lokacin da ake yi. Wani haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano irin wannan haske a 1895. Yana ratsa fata da ƙashi ya lalata cikin ƙwayar cuta yadda ba za ta iya hayayyafa ba. Idan ƙwaƙwalwa duka za a haska, yawanci zuwa 10 ake yi cikin mako biyu, wani lokaci zuwa 5 cikin mako guda, kowane zuwa 'yan mintoci. Suma takan zube, mutum yakan ji kasala. Amma ba ya ɗauko hasken ya kawo gida, don haka a ci abinci tare da shi, jikoki su zauna kusa da shi, babu komai. Ita sankarar ma ba a ɗaukarta daga wani.

Yanzu ga inda maganar ƙara ƙarfi ta samo asali. A 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba yankakken naman sankarar huhu a ƙarƙashin madubin likita. Suka lura cewa ƙwayoyin da ke kusa da jijiyar jini suna raye sumul, waɗanda suka yi nisa sosai sun mutu, nisan kuwa bai wuce kaurin silin suma biyu ko uku ba. A tsakanin rayayyu da matattu akwai wasu da ke raye da ƙyar, cikin ƙarancin iskar oksijin, wato sashen iskar da muke shaƙa wanda jini ke rarraba wa jiki. Waɗannan na tsakiya su ne matsalar. An riga an gano cewa ƙwayar da ba ta da oksijin sai an ba ta haske kusan ninki uku kafin ta mutu. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi ba ya cin ƙarfe sai an zuga. To oksijin shi ne zugazugin gashi. Bayan an gama haskawa, waɗannan da suka maƙale a lungun da ba iska su ne kan farfaɗo su sake tsiro.

Me zai hana a ƙara yawan hasken kawai? Ai lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana nan kewaye da ƙarin, ita ma akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka. Kamar mai feshi ne da yake son kashe ciyawa ba tare da ya ƙone dawa ba. Shi ya sa aka shiga neman maganin da zai raunana ƙarin shi kaɗai, ya bar sauran.

An fara da oksijin ɗin kansa. A shekarun 1950 a Landan, an riƙa sa marar lafiya cikin wata tukunyar ƙarfe a rufe, a matsa masa oksijin da ƙarfi, sannan a haska shi. Aikin ya yi wahala, wasu ma har jijjiga suke yi, aka bar shi. Daga nan aka koma neman ƙwayar magani da za ta shiga lungun ta yi aikin oksijin. Za ku yi mamakin wanda aka fara kamawa: Flagyl ne, wannan dai da kuke saya a kemis don ciwon ciki, wanda sunansa na likita metronidazol. A 1976 likitoci a birnin Edmonton na Kanada suka ba da rahoton cewa ya ɗan taimaka wa masu wata sankara da ke tsirowa daga ƙwaƙwalwar kanta. Amma yawan da ake bayarwa ninkin-ba-ninkin abin da ake ba mai ciwon ciki ne, marasa lafiya suna ta tashin zuciya da amai. Da aka gwada shi a Amurka a kan masu sankarar da ta yi ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa, sakamakon da ya fito a 1984 bai nuna wani amfani ba. An kuma gwada ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi, misonidazol. Shi kuma sai ya riƙa lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, mutum ya ji kamar ana tsira masa allura ko tafin ƙafa ya mutu, kuma bai ƙara wa kowa kwana ba.

A nan bari in tsaya in yi muku bayanin yadda ake wannan gwaji, don shi ne ma'aunin da za ku auna maganar duk mai talla da shi. Kun san gonar gwaji ta malaman gona. Fili ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, a sa wa wannan ɓangare sabon taki, a bar wancan da wanda aka saba. Da kaka a auna buhuna. Haka likitoci ke yi. A tara marasa lafiya ɗaruruwa da yardarsu, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya gashi kaɗai, kashi ɗaya gashi da sabon magani, sannan a bi su a ga wa ya fi daɗewa, wa ya fi jin daɗin jikinsa. Labarin mutum ɗaya da ya sha ya ji sauƙi ba hujja ba ce, kamar yadda zangarniya ɗaya mai kyau ba ta nuna albarkar gona. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wanda aka fi sa wa rai shi ne wata allura da kamfaninta ya raɗa wa suna Xcytrin, sunanta na likita moteksafin gadoliniyam. Tana da halin taruwa a cikin ƙari fiye da lafiyayyen nama. A gwajin da aka bayyana a 2003, mai mutum 401, ba ta ƙara tsawon kwana ba, amma an ga alamar cewa masu sankarar huhu sun ɗan daɗe kafin ƙwaƙwalwarsu ta ƙara taɓuwa. Saboda wannan alama aka sake wani gwajin na masu sankarar huhu zalla, mutum 554. Bambancin da aka samu bai kai yadda za a rantse cewa aikin allurar ne ba. A ƙarshen 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita. Akwai kuma efaproksiral, wadda aikinta shi ne ta sa jini ya saki oksijin da yake riƙe da shi. An gwada ta a kan mutum 515, sakamako ya fito a 2006, ita ma haka. A 2017 aka bayyana gwajin wata ƙwaya mai suna beliparib, mai hana ƙwayar cuta gyara ɓarnar da haske ya yi mata, a kan mutum 307 masu sankarar huhu a ƙwaƙwalwa. Babu bambanci.

Har kulorokwin ɗinmu na zazzaɓin cizon sauro an gwada. A wani ƙaramin gwaji a ƙasar Meksiko a 2013, mai mutum 73, ƙarin da ke kai ya ɗan jima bai motsa ba ga waɗanda suka sha, amma kwanansu bai fi na sauran ba. Na ambaci Flagyl da kulorokwin ne da gangan, don na san halinmu: wani yana jin sunan zai ce ai ga su nan a teburin mai magani ranar kasuwa. Don Allah kada a yi. Kulorokwin in ya yi yawa yana tsayar da zuciya, Flagyl mai yawa kuma yana taɓa jijiyoyi da ita ƙwaƙwalwar da ake son ceto.

Akwai ma gwajin da ya nuna ƙari na iya zama ragi. A 2013 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka mai mutum 126, dukkansu masu sankarar huhu da ƙari ɗaya zuwa uku a kai. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, rabinsu sun kai wata 13. Waɗanda aka ƙara wa ƙwayar temozolomaid ko erlotinib, rabinsu wajen wata 6 suka kai, kuma mummunar illar magani ta ninka kusan sau huɗu a cikinsu. Mutanen ba su da yawan da za a yanke cewa maganin ne ya rage kwanan, amma dai babu wanda zai kalli wannan lissafi ya ce an ci riba. Ina son ɗan kasuwa ya riƙe wannan da kyau, domin mun saba ganin cewa abu biyu ya fi ɗaya, kuma mai tsada ya fi mai araha. A magani ba kullum haka take ba.

Kada ku ɗauka dabarar ce gaba ɗaya ba ta aiki. Tana aiki a wasu wuraren, shi ya sa na ce maganar tana da tushe. Tun 1999 aka tabbatar cewa mace mai sankarar bakin mahaifa, in aka haɗa mata gashi da allurar sisplatin, ta fi samun tsira, kuma haka ake yi a asibitocinmu. A Denmak an nuna a 1998 cewa nimorazol, wani ɗan gidan su Flagyl, yana taimakon gashin sankarar maƙogwaro. Temozolomaid ɗin nan da ya gaza a wancan gwaji, tun 2005 shi ake haɗawa da gashi ga sankarar da ta tsiro daga ƙwaƙwalwar kanta. Ko sankarar huhu ma, muddin tana cikin ƙirji ba ta fita ba, ana haɗa mata gashi da allurar kemo a samu amfani. Wataƙila ɗaya daga cikin waɗannan ne mutuminku ya ji, ya ɗauko ya ɗora a inda ba wurinsa ba.

To me ya sa abin ya ƙi a nan? Dalili na farko, Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge. Jijiyoyin jininta a matse suke, kamar bakin iyaka mai tsananin bincike, ba kowane kaya ke wucewa ba, magunguna da yawa a nan ake tsare su. Wanda ya samu ya wuce kuma, sau da yawa yakan raunana lafiyayyen nama tare da ƙarin. Amma babban dalilin, a ganina, shi ne wanda masu talla ba sa faɗa: cutar ba a kai kaɗai take ba. Uwar tana nan a huhu, wataƙila ta kai hanta ko ƙashi. Da yawa daga cikin marasa lafiyan nan, abin da ke ƙasa da wuya ne ke kayar da su, ba na kai ba. Ko ka share kusurwa ɗaya ta gona tas, in sauran fili ƙuduji ya cinye, rumbu ba zai cika ba.

Saboda haka ci gaban da aka samu ta wasu hanyoyi ya zo, kuma a kansu ya kamata kuɗinku da tambayoyinku su tafi. Ɗaya ita ce saita hasken. Wani likitan Suwidin, Lars Leksell, ya ƙera na'urar da ke tattaro haske daga kusurwoyi masu yawa ya haɗu a ɗigo ɗaya, aka fara aiki da ita a 1968. Yau injinan zamani da dama suna iya wannan. In ƙarin ba su da yawa, kuma girman kowanne bai wuce ɗan goro ba, ana iya harbinsu ɗaya bayan ɗaya a zama guda ko 'yan zama kaɗan, a bar sauran ƙwaƙwalwa, mantuwa kuma ta ragu. In ƙari ɗaya ne babba a wurin da wuƙa za ta kai, tiyata ma hanya ce. Ba kowace cibiya ke da wannan saiti ba, sai an tambaya. In kuwa dole sai an haska kan duka, akwai ƙwayar memantin, wadda asalinta maganin ruɗewar tsufa ce. Binciken 2013 ya nuna tana jinkirta raunin tunani da ke biyo bayan gashi. Kun ga abin mamaki: an fita neman maganin da zai ƙara wa haske kaifi, wanda aka samu ya karɓu shi ne mai kare lafiyayyen nama daga kaifin.

Hanya ta biyu ita ce binciken naman ƙarin. Wasu sankarorin huhu suna ɗauke da wata alama a cikin ƙwayarsu, likitoci na kiran ɗaya EGFR, ɗaya ALK. An fi samunsu ga waɗanda ba su taɓa shan taba ba, ko da yake mai sha ma ana iya samu. Wanda aka samu yana da ta farko, akwai ƙwayar Tagrisso, mai ta biyu kuma akwai Alecensa. Waɗannan suna tsallake shingen ƙwaƙwalwa, su da kansu suke kashe cutar a kai da ƙirji baki ɗaya, har wani lokaci likita ya ɗage gashin. Akwai waɗanda suka yi shekaru a kansu. Amma ku ji da kyau: suna da tsada ƙwarai, kullum ake sha ba yankewa, kuma ga wanda ba shi da alamar ba su da wani amfani. Sayensu ba tare da gwajin nama ba cinikin biri a sama ne. In har za a taɓa dukiya, a fara da kuɗin wannan gwaji, shi zai nuna ko akwai abin da ya cancanci a sayar da sa dominsa.

Maganin da yayanka zai fi saurin jin aikinsa kuwa mai araha ne, deksametazon. Ba ya kashe sankara, ba ya ƙara wa gashi ƙarfi. Kumburin da ke kewaye da ƙarin yake saukarwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ciwon kai da amai su lafa, hannu ma yakan ɗan saki. Shi ne wanda wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba don neman ƙiba. A hannun likita kaɗai za a sha shi, domin yana tayar da sukari, yana taɓa gyambon ciki, yana hana barci, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Kada ganin sauƙin kwana biyu ya sa ku ce an warke a fasa zuwa asibiti.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan ɓoye muku ba. A 2016 aka bayyana wani bincike na Ingila da Ostareliya mai mutum 538, masu sankarar huhu a ƙwaƙwalwa da ba za a iya yi musu tiyata ko saitaccen haske ba, da yawansu jiki ya riga ya yi rauni. An ba kashi ɗaya deksametazon da kyakkyawar jinya, ɗaya kashin aka ƙara musu gashin kai duka. Bambancin kwanansu bai kai mako guda ba, jin daɗin jiki ma kusan ɗaya. Ma'ana, mutumin da yake tafiya da ƙafarsa, yana ci yana sha, gashi na iya amfanarsa sosai. Wanda kuwa ya kwanta sai an tayar, ɗaukarsa a mota zuwa wani gari mai nisa na iya zama wahala ce kawai. In likita ya ce a koma gida da maganin ciwo da na kumburi, ba yasar da shi ya yi ba. Ku tambaye shi kai tsaye: Likita, in ɗan'uwanka ne, za ka kai shi? Rai dai a hannun Allah yake, amma sanin gaskiya yana sa a yi shiri, a biya bashi, a yi wasiyya, a yi sallama da wanda ya kamata.

Game da inda ake yi, an kafa sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, sai kuma Legas da Ibadan da wasu garuruwan kudu. Masu saurarenmu na Nijar, cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashi a 2021. Kafin ku biya kuɗin mota, ku sa likitan da ya tura ku ya bincika ko injin yana aiki a wannan makon da kuma tsawon layi, ku riƙe duk hotuna da takardar gwajin nama a jaka ɗaya.

In yayanka yana shan taba, ya bari yau, kada ya ce ai aikin gama ya gama. Hayaƙinta yana ƙwace wa oksijin wurin zama a cikin jini, ga shi kuwa mun ce oksijin ne zugazugin gashi. Duk wani jiƙo ko garin magani da ake ba shi a gida, a faɗa wa likita, kada a ji kunya. Kada ya hau babur ko ya tuƙa mota, kada ya je bakin rijiya ko kogi shi kaɗai, domin ƙari a kai yana kawo farfaɗiya ba sallama. In ta zo, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tayar da shi, a nufi asibiti mafi kusa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Sauran wasiƙun da suka iso mana sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.